Hoton MRI da Ciwon Gwiwa: Abin da Alƙaluma Ke Faɗa wa Mutanen Ƙasar Gumel

Na'ura 58. Iyakar na'urorin ɗaukar hoto na MRI ke nan da aka samu a duk faɗin Nijeriya lokacin da likitan hoto Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka ƙidaya na ƙasashen Afirka ta Yamma, a binciken da aka buga a 2018. Yankin gaba ɗaya, mai mutum sama da miliyan 372, na'ura 84 gare shi. Idan aka raba na Nijeriya kan yawan jama'arta, kowane mutum miliyan ɗaya zai tashi da 0.30, wato na'ura guda ga mutum kusan miliyan uku da dubu ɗari uku. Gana ta ɗan fi mu da 0.48. Amurka tana da kusan 38 ga kowane miliyan, Japan kuwa, wadda ta fi kowa, tana da kimanin 55.

Mu kawo lissafin gida. Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, mutum kusan rabin miliyan ne a cikinsu a ƙidayar 2006. Da a Japan wannan jama'a take, da na'ura 27 ce rabonta. A ma'aunin Nijeriya ko kashi ɗaya cikin shida na na'ura guda bai cika ba. Jihar Jigawa kanta, mai mutum miliyan 4.36 a waccan ƙidaya, na'ura ɗaya da 'yar ɗoriya za ta samu. Gaskiya ne an ƙaro na'urori tun bayan wancan bincike, amma jama'a ma ta ƙaru, kuma ko da 58 ɗin nan ta ninka sau uku, har yanzu ba mu kai na'ura ɗaya ga mutum miliyan ba.

Ga wani lissafin mai sauƙi. Hoton gwiwa yakan ci minti 20 zuwa 30. A ce na'ura tana ɗaukar mutum 20 a rana, kwana 300 a shekara, ba a ɗauke wuta ba, ba ta lalace ba. Mutum 6,000 ke nan a shekara, ɗaya cikin kowane mutum 550 na jama'ar da na'urar ke wa hidima. A cikin wannan layi akwai mai ƙari a ƙwaƙwalwa, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda lakarsa ta samu matsala bayan haɗarin mota. Mai ciwon gwiwa daga Gagarawa Tasha da aka ce ya tafi Kano, tafiyar fiye da kilomita 100, da su yake takara. Kuma daga aljihunsa zai biya, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga hannun majinyata yake fitowa kai tsaye. Don haka dole a tambaya: wace gwiwa ce ta cancanci wannan tafiya?

Abin da na'urar ke gani

Hoton ƙashi da muka saba da shi ƙashi yake nunawa, karaya ko gocewa ko zaizayewa. Amma yawancin abin da ke lalacewa a gwiwar matashi ba ƙashi ba ne. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi biyu masu kama da gammo, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, da ke tare nauyin jiki. Likitoci na kiran kowanensu meniskus. Akwai kuma jijiyoyi huɗu masu ƙarfi da suka ɗaure ƙasusuwan, kuma wadda ta fi yin suna a cikinsu ita ce ta tsakiya da ke hana ƙwauri zamewa gaba, wadda masu kallon ƙwallo suka sani da ACL. Duk waɗannan ba sa fitowa a hoton ƙashi. MRI kuwa da ruwan jiki take aiki. Maganaɗisu mai ƙarfi ne ke jera ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ruwan jiki, a buga musu igiyar rediyo, su mayar da amsa, kwamfuta ta haɗa amsar ta zama hoto yanki-yanki. Paul Lauterbur na Amurka ne ya fara nuna hanyar a 1973, shi da Peter Mansfield na Ingila suka karɓi lambar Nobel a kanta a 2003.

Ana auna ƙarfin maganaɗisun da tesla. Na'ura mai tesla 1.5 ta ninka maganaɗisun ƙasa kusan sau 30,000, shi ya sa tun a bakin ƙofa za a sa ka cire zobe da agogo da makulli da kwabo, a tambaye ka ko an taɓa sa maka ƙarfe a jiki ko harsashi ya taɓa maƙale maka. Ka kwanta rigingine, a rufe gwiwar da wani abu kamar ƙoƙo, gadon ya zura ka ƙafafu a gaba, a ba ka abin toshe kunne saboda ƙarar bugun da na'urar ke yi, a ce kada ka motsa. Ba zafi, ba kuma irin hasken nan na hoton ƙashi da ake taƙaita wa mutum. A cikin na'urori 58 na Nijeriya, 45 masu ƙaramin ƙarfi ne. Wannan ba abin raini ba ne a wurinmu: manyan suna buƙatar ruwan iskar heliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili da wutar da ba ta yankewa, ƙananan kuwa sun fi jure halin da muke ciki, kuma a gwiwa suna yin aikin da za a iya dogara da shi.

Sau nawa take faɗin gaskiya?

A 2007 wasu likitocin Ingila, Crawford da abokan aikinsa, sun tattara binciken da aka kwatanta abin da MRI ta ce da abin da likitan tiyata ya gani da idonsa bayan ya zura 'yar kyamara cikin gwiwa. A jijiyar ACL, idan ta tsinke na'urar tana ganowa a kusan kashi 87 cikin 100, idan kuma lafiyarta ƙalau tana faɗin hakan a kashi 95. A meniskus na ciki tana gano yagewa a kashi 91, amma a cikin kowane lafiyayye 100 takan ɗora wa kusan 19 yagewar da babu ita. A na waje abin ya juya: ba ta cika yin ƙage ba, amma kashi 76 kawai take kamawa, ɗaya cikin huɗu ya wuce ta.

Bari mu ga ma'anar 19 ɗin nan da misali. A ce mutum 100 aka tura hoto, 30 daga cikinsu ne meniskus ɗinsu na ciki ya yage da gaske. Na'urar za ta kama 27. A cikin sauran 70 ɗin kuma za ta nuna wa kusan 13 yagewa alhali ba su da ita. Mutum 40 za su koma gida da takarda mai cewa ya yage, kuma kusan ɗaya cikin uku daga cikinsu takardar ta yi kuskure. Gwargwadon yadda aka tura mutane barkatai ba tare da likita ya tantance su ba, gwargwadon yadda wannan kaso ke hauhawa.

Akwai wata lambar da nake so a ajiye kusa da waɗannan. Likitan ƙashi yakan kwantar da majinyaci, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan. Idan jijiyar tana nan, ƙwaurin zai tsaya cak kamar an kai ƙarshen igiya. Idan ta tsinke sai ya biyo hannu laɓo-laɓo. Sunan wannan gwaji Lachman, bai wuce minti ɗaya ba. Da aka tattara binciken da aka yi a kansa a 2006, an samu yana gano tsinkewar ACL a kashi 85 cikin 100, yana wanke lafiyayyiya a kashi 94. A kwatanta da 87 da 95 na na'urar. Hannun da aka horar yana gab da kamo ta, kuma kai wannan hannu Babban Asibitin Gumel ya fi kai maganaɗisu sauƙi nesa ba kusa ba.

Gwiwar da ba ta ciwo

Nan ne alƙaluman suka fi ɗaure kai, nan ne kuma ya kamata mai shekaru ya kasa kunne. A garin Framingham na Amurka, Martin Englund da abokan aikinsa sun ɗebi mutum 991 masu shekara 50 zuwa 90, ba tare da duba ko suna kukan gwiwa ko ba sa yi ba, suka yi wa gwiwar dama ta kowanensu hoton MRI. An buga sakamakon a 2008. A cikin mata masu shekara 50 zuwa 59, kashi 19 cikin 100 meniskus ɗinsu ya yage ko ya lalace. A cikin maza masu shekara 70 zuwa 90, kashi 56. Babbar maganar ita ce, kashi 61 cikin 100 na waɗanda aka ga yagewar a gwiwarsu ba su ji ciwo ko sanƙarewa ba a watan da ya gabata. A cikin waɗanda hoton ƙashi ya nuna suna da amosanin gaɓɓai, an ga yagewar a kashi 63 na masu ciwo, da kashi 60 na marasa ciwo. Tazarar uku ce kacal.

Shekara huɗu bayan haka, Ali Guermazi ya duba mutum 710 na wannan gari, duk sun haura 50, duk hoton ƙashinsu bai nuna amosani ba. MRI ta samu wani abu a kashi 89 cikin 100 nasu: tsiron ƙashi a gefen gaɓa a kashi 74, zaizayewar guringuntsi a kashi 69, tabo a ɓargo a kashi 52. A cikin waɗanda ba sa jin komai ma, fiye da kashi 85 an samu abin rubutawa. A Landan kuma, a 2020, an sa gwiwa 230 ta mutum 115 da ba su da kuka ko kaɗan cikin na'ura mai tesla 3. Kashi 97 cikin 100 an ga wani lahani, kashi 30 an ga yagewar meniskus.

Shekaru ne ke raba lambobin. Wani nazari na 2019 da ya haɗa bincike 63 kan gwiwoyin da ba su taɓa rauni ba kuma ba sa ciwo ya samu yagewar meniskus a kashi 4 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara 40, amma kashi 19 a cikin waɗanda suka kai 40 zuwa sama. Zaizayewar guringuntsi kuwa daga kashi 11 ta haura zuwa 43. Ma'ana, idan aka ga yagewa a gwiwar ɗan shekara 22 da ya murɗe ƙafa a filin ƙwallo, mai yiwuwa ita ce ciwon. Idan aka gan ta a gwiwar ɗan shekara 60, mai yiwuwa ta daɗe a can tana zamanta, kuma da an ɗauki ɗaya gwiwar da ba ta damunsa, ba mamaki a ga irinta.

Wani zai ce mutanen Framingham ba manoman riɗi da gero ba ne, ba sa wuni a duƙe da fartanya, ba sa tsugunno wajen tatsa ko girki. Haka ne. Sai dai abin da aka sani game da masu sana'ar durƙuso da tsugunno da ɗaukar kaya shi ne gwiwarsu ta fi saurin zaizayewa. Wannan ya ƙara wa maganar ƙarfi ne: idan aka jera dattawan Gagarawa aka ɗauke su hoto, da wuya a samu wanda takardarsa za ta fito fara.

Daga takarda zuwa wuƙa

Illar ita ce takardar da ta ce ya yage takan ja mutum zuwa ɗakin tiyata. Shekaru da dama, aikin zura kyamara a yanke gefen meniskus da ya yage yana cikin ayyukan da likitocin ƙashi suka fi yi a Turai da Amurka. A 2013 wasu likitocin Finlan ƙarƙashin Raine Sihvonen suka gwada shi ta hanyar da ba ta bar wurin musu ba. Mutum 146 masu shekara 35 zuwa 65, masu yagewar da zaizaya ta kawo, aka raba biyu bisa yardarsu. Duka an kai su ɗakin tiyata an zura kyamara, amma rabi kawai aka yanke wa wani abu. Sauran an yi motsin aikin ne aka ɗinke, ba su san ɓangaren da suka faɗa ba. Bayan wata 12 duka ɓangarorin sun samu sauƙi, kuma sauƙin ɗaya ne. Tun a 2002 an yi makamancin wannan gwaji a Houston kan mutum 180 masu amosanin gwiwa, sakamakon bai bambanta ba. A Norwe kuma, a 2016, an kwatanta aikin da atisayen ƙarfafa cinya na mako 12 a kan mutum 140. Bayan shekara biyu ba wanda ya fi wani, sai dai masu atisayen sun fi ƙarfin cinya a farkon watanni. A 2017 mujallar likitoci ta BMJ ta fitar da shawara mai ƙarfi cewa a daina wannan aiki ga kusan duk mai zaizayewar gwiwa.

Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce mutumin da ya kai shekara 45, gwiwarsa na ciwo idan ya motsa ta, kuma sanƙarewar safiya ba ta wuce minti 30 ba, a ɗauka amosanin gaɓɓai ne, ba sai an yi masa hoto kowane iri ba. Ƙasar da ke da na'urori da yawa ce ke faɗin haka. Ina ga mu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan amosani a 2019, miliyan 365 daga ciki a gwiwa. Kashi 60 cikin 100 mata ne, kashi 73 sun haura shekara 55. Su ne iyayenmu da suka koma yin sallah a zaune, suke dafa bango kafin su miƙe. Abin da aka tabbatar yana yi musu amfani shi ne ƙarfafa naman cinya, da tafiya daidai ƙarfi, da sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, da rage ƙiba ga mai ita. Binciken Stephen Messier na 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Abin da ya fi damuna da su ba rashin MRI ba ne, ƙwayoyin kashe zafin da ake saya a kemis a sha wata da watanni ne, waɗanda ke huda ciki su kuma taɓa ƙoda.

Wanda tafiyar ta kama

Akwai gwiwar da jinkiri ke cuta. Matashin da ƙafarsa ta kafe a ƙasa jikinsa ya juya, a ƙwallo ko kokawa ko langa, ko babur ya kayar da shi, ko sa ya banke shi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ji ƙas a cikin gwiwa, kafin awa biyu ta kumbura suntum: jini ne ya taru, kuma a fiye da rabin irin waɗannan ACL ce ta tsinke. Shi ne raunin da ɗan ƙwallo Sadiq Umar ya samu a Satumban 2022, kwanaki kaɗan bayan ya koma Real Sociedad, ya kuma raba shi da fili har ƙarshen kakar. Haka wanda gwiwarsa ta maƙale ta ƙi miƙewa, domin sau da yawa ɓallin meniskus ne ya shiga tsakanin ƙasusuwa, kuma ɗinke shi ya fi yiwuwa idan an yi da wuri. Waɗannan, bayan likita ya duba su da hannu an kuma yi hoton ƙashi an tabbatar ba karaya, su ne MRI ke canza wa magani, su ne ya kamata a tura Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano da takarda a hannu. Masu ɗori suna da gwaninta a abin da suka sani, amma jijiyar da ta tsinke a tsakiyar gaɓa kara da tsumma ba sa kai mata.

Ko a nan ma tsinkewa ba ta nufin tiyata dole. A Suwidin an bi matasa 121 da ACL ɗinsu ta tsinke: wasu aka yi musu aiki nan take, 59 aka fara da gashi da atisaye, aka bar aikin sai in ya zama dole. Bayan shekara biyu, 23 ne kawai daga cikin 59 ɗin aka yi wa aiki, kuma lafiyar gwiwa a ɓangarorin biyu ta zo ɗaya. Bayan shekara biyar, kusan rabinsu har lokacin ba a yi musu aikin jijiyar ba.

Sai masu sikila, waɗanda ba a cika tunawa da su ba idan ana wannan magana. Kimanin jarirai 150,000 ake haifa da cutar a Nijeriya kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai. Jininsu kan toshe hanyar da ke ciyar da kan ƙashin cinya a kwatangwalo, ƙashin ya mutu a hankali. Wani babban bincike na Amurka a 1991 ya samu wannan matsala a kusan ɗaya cikin goma na masu cutar, kuma tana ƙaruwa da shekaru. A farkonta hoton ƙashi ba ya nuna komai, MRI kuwa tana ganinta tun kan ƙashin bai rufta ba, lokacin da ake iya ceto shi. Ciwon kwatangwalo kuma yakan sauko ya bayyana a gwiwa, don haka yaro mai sikila da ke ɗingishi yana nuna gwiwa, a duba masa kwatangwalo. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi kuwa, a yaro ko babba, ba ta jiran layin hoto ko kaɗan. Ƙwayar cuta na iya cinye guringuntsi cikin kwanaki, a kai asibiti a ranar.

Idan Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa za ta yi wa gwiwoyin ƙasar Gumel alheri da kuɗin da ke hannu, alƙaluman nan sun nuna inda za a fara: hoton ƙashi mai aiki kullum a manyan asibitoci, likitan gashin ƙashi da ke zaune ba mai ziyara ba, horar da ma'aikatan asibitocin karkara su iya gwajin hannu su gane gwiwar da za a tura da wadda za a riƙe, da tallafin kuɗin hoto ga masu sikila da matasan da raunin ya kama da gaske. Kai kuma mai karatu, idan aka rubuta maka MRI ko aka rubuta wa mahaifiyarka, kafin ka ɗaga tunkiya zuwa kasuwa ka tambayi likita cikin ladabi: «Likita, in hoton ya nuna yagewa me za a yi mata, in bai nuna ba kuma me za a yi?» Idan amsar guda ce, riƙe kuɗinka ka nemi mai koya mata atisaye.